Rio de Onor: Tarihi da Halin Wata Ƙaramar Gunduma a Arewacin Fotugal

A ƙidayar jama'a ta shekarar 2011, mutum 76 aka samu a gundumar Rio de Onor, a kan fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 44, wato ko mutum biyu ba a samu a kowane murabba'in kilomita ba. Shekara goma kafin nan su 126 ne. A 2013 kuma gwamnatin Fotugal ta soke gundumar a matsayin hukuma mai zaman kanta, ta haɗe ta da maƙwabciyarta Aveleda. Duk da wannan ƙanƙanta, da wuya a sami mai nazarin al'adun karkara a Fotugal da bai san sunan wurin ba, domin an daɗe ana kafa misali da shi a matsayin ƙauyen da mutanensa suka yi tarayya a makiyaya da bijimi da wurin niƙa da maƙera, suna gudanar da al'amuransu ta hannun majalisar magidanta. Mutane da yawa suna ba da labarin wannan tarayya kamar wata kyakkyawar ɗabi'a ce da aka haifi mutanen wurin da ita. Wanda ya duba yadda tsarin yake aiki kuwa zai ga lissafi ne tsantsa, wanda talaucin ƙasa ya tilasta, kuma wanda ba ya tafiya sai da isassun hannaye.

Kafin a shiga ƙauyen, ya kamata a san matsayin irin wannan gunduma a tsarin mulkin ƙasar. Fotugal tana da ƙananan hukumomi 308, kowacce kuma an kasa ta zuwa gundumomin da ake kira freguesia, waɗanda su ne matakin hukuma mafi kusa da talaka. Asalinsu daga coci ne: yankin da majami'a ɗaya da limaminta suke kula da shi, inda ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa. A ƙarni na 19, bayan masu ra'ayin tsarin mulki sun yi rinjaye, aka fara ɗora wa waɗannan yankuna ayyukan hukuma, sannan a 1916, bayan an kawar da sarauta an kafa jamhuriya, doka ta tabbatar musu da sunan da suke amsawa yanzu. Kowace gunduma tana da ƙaramin kwamitin zartarwa da shugabansa, da kuma majalisar da ake zaɓa, sai dai inda masu jefa ƙuri'a ba su wuce 150 ba, doka ta ce taron dukkan masu zaɓe shi ne zai tsaya a madadin majalisar. Ayyukan ba su da yawa: kula da maƙabarta, gyaran hanyoyin gona da maɓuɓɓugar ruwa, ba da takardar shaidar zama, da isar da koken jama'a ga ƙaramar hukuma. Amma a ƙauyen da ke nesa da birni, shugaban gunduma shi ne hukumar da tsoho yake iya tsayarwa a bakin hanya ya yi masa magana.

Rio de Onor tana cikin ƙaramar hukumar Bragança, a yankin Trás-os-Montes da ke kusurwar arewa maso gabashin ƙasar, kimanin kilomita 26 daga birnin Bragança. Gundumar ta ƙunshi ƙauyuka biyu, Rio de Onor ɗin kanta da Guadramil, kuma dukkansu suna cikin gandun dajin Montesinho da aka keɓe a 1979, inda har yanzu ake samun kyarkeci da aladen daji da manyan bareyi. Wannan sashe na lardin ana kiransa ƙasar sanyi, kuma mutanen yankin suna da karin maganar da ke cewa shekararsu wata tara ne na hunturu, wata uku na wuta. Ƙasar tuddai ce marasa albarka sosai, in ban da ɗan kwarin da kogin Onor ya ratsa, inda ake samun fadama da lambuna. Babban abin nomawa a da shi ne centeio, wani hatsi dangin alkama mai jure sanyi da ƙasa mara ƙarfi, wanda da shi ake yin baƙin burodin da aka san yankin da shi. Sai dankalin Turawa da kabeji da ɗan inabi da 'ya'yan itacen castanha. Gidajen da baƙin dutse mai ɓarewa falle-falle aka gina su, da shi kuma aka yi rufi. Hawa biyu ne: a ƙasa shanu da ingirici da kayan noma, a sama iyali, ta yadda ɗumin dabbobi yake taimaka wa mutane a daren hunturu. Matakalar dutse ce take kai mutum sama daga waje, zuwa wata barandar katako inda ake shanya kaya da amfanin gona.

Ƙauye ɗaya, ƙasa biyu

Wanda ya bi babban titin ƙauyen zuwa arewa, cikin 'yan mintoci zai tsinci kansa a Sifaniya ba tare da ya fita daga cikin gidaje sosai ba. Sashen da ke can ana kiransa Rihonor de Castilla, yana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Pedralba de la Pradería a lardin Zamora. Mutanen wurin ba su cika ambaton sunayen ƙasashen biyu ba idan suna magana a tsakaninsu; unguwar sama da unguwar ƙasa suke cewa, ta sama ita ce ta Sifaniya, ta ƙasa ta Fotugal. An yi auratayya tsakanin sassan biyu tun kaka da kakanni, gado kuma ya bi aure, saboda haka ba abin mamaki ba ne mutumin unguwar ƙasa ya mallaki gona a Sifaniya, ko na unguwar sama ya yi kiwo a fadamar Fotugal.

Iyakar da ta raba su tana cikin mafiya daɗewa a Turai. Fotugal ta samu amincewa a matsayin masarauta mai zaman kanta a ƙarni na 12, kuma yarjejeniyar Alcañices ta 1297, wadda aka ƙulla a wani gari da ba shi da nisa da Bragança, ita ce ta shata akasarin layin da ake bi har yau. Sai dai layin da sarakuna suka amince da shi a takarda ya daɗe bai zama shinge a ƙasa ba. A 1864 ne ƙasashen biyu suka sa hannu a Lisbon kan yarjejeniyar tantance iyaka dutse bayan dutse. A wasu wurare na arewa wannan yarjejeniya ta kawo ƙarshen zaman da ba a san na wane ne ba: yankin Couto Misto, wanda ya shafe ƙarnuka yana mulkin kansa, aka ba Sifaniya, wasu ƙauyuka uku da layin ya ratsa ta tsakiyar gidajensu kuma aka ba Fotugal ɗungurungum. Rio de Onor ba ta shiga wannan rabo ba, aka bar kowace unguwa da ƙasarta.

Daga nan mazauna wurin suka koyi zama da hukuma biyu. Kowane sashe da cocinsa da makarantarsa da harajinsa da aikin sojansa. Kafin zuwan kuɗin yuro a 2002, ana kashe eskudo a nan, ana kashe feseta a can. Har yau agogon unguwar sama yana gaban na unguwar ƙasa da awa ɗaya. A zamanin mulkin kama-karya na Salazar a Fotugal da na Franco a Sifaniya an tsaurara tsaro a kan iyakar baki ɗaya, jami'an kwastan suna sa ido kan abin da ake ƙetarawa da shi, fasa-ƙwauri kuma ya zama sana'ar rufin asiri ga ƙauyukan bakin iyaka da dama, musamman na kofi da ke fita daga Fotugal. Amma babu gwamnatin da ta iya hana manomi zuwa gonarsa, domin hana shi daidai yake da kashe ƙauyen. Shigar ƙasashen biyu cikin ƙungiyar tattalin arzikin Turai a 1986, da fara aiki da yarjejeniyar Schengen a 1995, su suka kawar da binciken iyaka a hukumance.

Harshen wurin ma yana ba da shaidar wannan tarihi. Tsofaffin mutanen ƙauyen suna da karin harshensu, wanda masana suka sanya a dangin harshen tsohuwar masarautar León, wato ɗan'uwan harshen Miranda do Douro da ke kudu maso gabas da su. Masanin harshe José Leite de Vasconcelos ya yi rubutu a kansa tun ƙarshen ƙarni na 19, tare da na Guadramil. Harshen Miranda ya samu amincewar majalisar dokokin Fotugal a 1999, ana koyar da shi a makarantun yankinsa, na Rio de Onor kuwa bai samu wannan gata ba, kuma yanzu ya kusa ɓacewa daga bakin mutane, saboda yaran da za su gaje shi a birane suka tashi.

Majalisar magidanta

A da, zuciyar al'amarin ita ce majalisar da ake kira conselho. Kowane gida yana da wakili ɗaya a cikinta, galibi maigida, kuma gida ake ƙirgawa, ba yawan mutanen da ke cikinsa ba. Mutum biyu ne suke jan ragamarta na tsawon shekara guda, ana kiransu mordomos. Aikinsu ne su kira taro da ƙararrawar coci, su tsara ranakun aikin gama-gari, su lura da wanda ya zo da wanda ya noƙe, su kuma riƙe lissafin tara. Muƙami ne mai wahala mara albashi, wanda yake iya haɗa mutum faɗa da ɗan'uwansa, shi ya sa daga baya aka mayar da shi na karɓa-karɓa, kowane gida ya san shekarar da nauyin zai faɗo kansa.

Dukiyar da majalisar take kula da ita iri-iri ce. Mafi daraja su ne fadamun tarayya da ke gefen kogi, inda garken shanun gari yake kiwo, inda kuma ake yankan ingiricin da za a ciyar da bijimin gari a hunturu. Bijimin nan na kowa ne, yana da ɗakinsa na musamman, kuma shi ne yake barbarar shanun dukkan gidaje, tunda babu gidan da zai iya ciyar da bijimi shekara guda don shanu biyu ko uku. Tumaki da awaki kowa da nasa, amma garke ɗaya ake haɗawa a fita da su, gidaje suna karɓar kiwon bi da bi gwargwadon yawan dabbobin da kowa ya zuba. Haka wurin niƙa da ruwan kogi yake juyawa, da maƙera, da gyaran hanyoyi da madatsun ban-ruwa da shingayen dutse. Gonakin hatsi da lambuna kuwa mallakar gidaje ne, ana gadonsu ana sayar da su. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin masu yawon buɗe ido sukan ɗauka cewa komai na kowa ne, alhali abin da aka yi tarayya a kansa shi ne abin da gida ɗaya ba zai iya ɗauka shi kaɗai ba.

Yadda ake riƙe lissafi abin a tsaya a duba ne. Akasarin magidantan da ba su yi karatun boko ba da sanda suke rubutu. Ana samun doguwar sanda a kasa ta gida-gida, bisa jerin yadda gidajen suke a kan titi, kowane gida da gurbinsa. Idan saniyar wani ta shiga gonar da ba tata ba, ko wani ya makara a ranar gyaran madatsa, ko ya ƙi fitowa kiwo a ranarsa, sai mordomo ya zaro wuƙa ya yi tsaga a gurbin gidan, a gaban jama'a. Babu mai iya goge tsaga, babu kuma mai cewa an rubuta abin da bai iya karantawa ba. Tarar kuwa sau da yawa da giyar inabi ake biyanta, 'yan majalisa su shanye ta tare a wurin aiki, har da wanda aka ci tarar. Ko mutum bai yarda da abin da ake sha ba, zai ga dabarar da ke ciki: hukunci ya tabbata, amma ba a bar kuɗi ya taru a hannun wani ba balle a yi zargin ci, kuma mai laifi ya koma cikin jama'a a ranar da aka hukunta shi.

Ana iya kwatanta wani ɓangare na wannan da gayya, inda ake taruwa a gama aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai dai gayya gayyata ce da ake amsawa don zumunci da kunya, a Rio de Onor kuwa wajibi ne mai rajista da hukunci. Wani masanin al'adu da ya zauna a ƙauyen, Joaquim Pais de Brito, ya nuna cewa hanyoyi uku ne ake raba kusan komai da su. Na farko zagaye, wato bin gidaje ɗaya bayan ɗaya har a dawo kan na farko. Na biyu ƙuri'a, idan abin da za a raba bai yi daidai da juna ba, kamar yankunan daji da za a sare ko a noma. Na uku gwanjo, idan abu ɗaya ne tak kuma mutane da yawa suna so. Abin da ya haɗa ukun shi ne babu wanda yake buƙatar a amince da adalcin wani mutum. Zagaye ba ya tsallake gida, ƙuri'a ba ta san ɗan wane ba, gwanjo kuma a bainar jama'a ake yinsa. A ganina wannan shi ne ainihin halin wurin: mutane ne da suka san juna ƙwarai, har suka san cewa zaman lafiyarsu ya fi tabbata idan ba a bar rabo a hannun son zuciyar kowa ba.

Tsarin yana da nasa tsada, kuma ba kowa ne ya biya daidai ba. Fadama ba ta ƙaruwa, saboda haka an ƙayyade yawan shanun da kowane gida zai saka a cikinta, kuma ƙaruwar gidaje barazana ce ga rabon kowa. Hanyar da aka bi a wannan yanki don hana gona tsagewa ita ce taƙaita aure: ɗa ɗaya ya yi aure a cikin gida ya ci gaba da riƙe shi, 'yan'uwansa su zauna ba aure suna yi wa gidan aiki, ko su fita neman abin kansu. Wanda ba shi da shanu kuma ba shi da abin da zai amfana da shi a fadamar tarayya, komai daidaiton ƙa'idarta. Masu bincike da suka yi aiki a wasu ƙauyukan Trás-os-Montes a shekarun 1970, irin su Brian O'Neill, sun nuna cewa a ƙarƙashin ayyukan gama-gari akwai masu ƙasa da 'yan ƙodago, kuma aikin taro yakan fi amfanar mai babbar gona, tunda kwanakin da ake yi a tasa sun fi waɗanda ake yi a ta talaka.

Littafin da ya zama madubi

Sunan Rio de Onor ya fita duniya ne ta hannun Jorge Dias, wanda ake ɗauka a matsayin jigon nazarin al'adu na zamani a Fotugal. A 1948 ya wallafa nazari kan Vilarinho da Furna, wani ƙauyen tarayya a tsaunukan arewa maso yamma, wanda ruwan madatsa ya haɗiye a farkon shekarun 1970. A 1953 ya fitar da nasa babban littafin kan Rio de Onor, inda ya bayyana majalisa da kiwo da bukukuwa da waƙoƙi dalla-dalla. Ya siffanta mutanen a matsayin masu fara'a da son kiɗa da rawa da karɓar baƙo, ya kuma ɗauki tsarinsu a matsayin ragowar wata tsohuwar rayuwa da ta tsira saboda nisan wurin. Aikin yana da daraja har yau saboda yawan abin da ya adana, amma ya fi karkata ga jituwa fiye da saɓani, kuma hoton ƙauye mai haɗin kai da wadatar zuci ya yi daidai da irin karkarar da gwamnatin wancan lokaci take son a gani.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa wannan lamari ya bambanta da na sauran ƙauyuka. Littafin ya jawo 'yan jarida da ɗalibai da masu ɗaukar fim, kowa ya zo da tambayoyin da ya samo daga shafukansa. Mutanen gari suka san abin da aka rubuta a kansu, suka san abin da baƙo yake son ji, har bayanin littafin ya shiga cikin yadda suke bayyana kansu. Lokacin da Pais de Brito ya fara aikinsa a can a shekarun 1970, ya tarar ba zai iya nazarin ƙauyen ba tare da nazarin tasirin littafin da ya riga shi ba, kuma wannan ne ya sa ya ambaci madubi a sunan nasa littafin da ya fito a 1996. Suna irin wannan yana da amfani a aikace, domin ƙauyen da aka sani ya fi samun kunnen hukuma idan yana neman hanya ko wutar lantarki. Yana kuma da nauyi, domin yakan sa mutane su ci gaba da nuna wani abu bayan dalilin yinsa ya gushe.

Bukukuwa sun fi sauran al'adun jure wannan sauyi, wataƙila saboda ba sa buƙatar mutum ya zauna a gari duk shekara. Cocin ƙauyen na Yahaya Mai Baftisma ne, ana bikinsa a ƙarshen watan Yuni. A farkon Janairu kuma akwai bikin samari, irin wanda ake yi a ƙauyuka da dama na Bragança a tsakiyar hunturu, inda matasa suke rufe fuska su sa tufafi masu ban tsoro su zagaya gidaje, ana busa wata algaita mai jakar fata ana kaɗa ganga.

Yadda hannaye suka ƙare

Babu wata doka da ta rushe majalisar Rio de Onor. Gwamnati dai ta taɓa tsarin ta gefe: daga 1938 mulkin Salazar ya ƙaddamar da shirin dasa itatuwa a filayen tarayya na tsaunukan arewa da tsakiyar ƙasar, hukumar gandun daji ta karɓe filaye masu yawa da ƙauyuka suke kiwo a kansu, abin da ya rage garkunan awaki da tumaki a wurare da dama, kuma sai a 1976, bayan juyin juya halin 25 ga Afrilun 1974, doka ta mayar wa al'ummomi da waɗannan filaye. Amma babban abin da ya karya ƙauyukan yankin shi ne ƙaura. A shekarun 1960 dubban ɗaruruwan 'yan Fotugal suka tafi Faransa da Jamus neman aiki, da yawa ta ɓarauniyar hanya, wasu kuma suna gudun aikin soja a yaƙe-yaƙen da ƙasar ta yi a Angola da Mozambik da Gini Bisau daga 1961 zuwa 1974. Waɗanda ba su ƙetare ba sun nufi Bragança da Porto da Lisbon. Ɗan da a da zai zauna ba aure yana yi wa gidan yayansa noma, yanzu ya samu albashi a wani wuri, kuma babu wanda zai ga laifinsa.

Tsarin zagaye kuwa yana da wani rauni da ba a gani sai mutane sun ragu. Idan gidaje arba'in suke karɓar kiwo, kowane gida sai bayan kwana arba'in nauyi yake dawowa kansa. Idan suka koma goma, duk bayan kwana goma ne, kuma waɗanda suka rage tsofaffi ne da hawan tudu yake yi musu wuya. Kowane gida da ya rufe ƙofa yana ƙara wa na kusa da shi kaya, ƙarin kayan kuma yana sa wani ya sayar da dabbobinsa ya huta. Tarakta ta rage buƙatar shanun noma da taron girbi, kuɗin fansho ya rage dogaro da gona, burodin da mota take kawowa ya rage aikin wurin niƙa. Da shanu suka ƙare, bijimin gari ya rasa aiki, kuma ɗakinsa a yau wurin baje tarihi ne da baƙi suke shiga su ga yadda aka yi rayuwa a da.

Soke gundumar a 2013 ya zo ne daga wani waje dabam. A 2011 Fotugal ta karɓi bashin ceto na yuro biliyan 78 daga Tarayyar Turai da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, kuma cikin sharuɗɗan akwai rage yawan ƙananan hukumomi da gundumomi. Gwamnati ba ta taɓa ƙananan hukumomi 308 ba, waɗanda suke da ƙarfin siyasa, sai ta sauke gatarin a kan gundumomi, ta rage su daga sama da 4,200 zuwa kusan 3,100. Kuɗin da gundumomi suke ci ɗan ƙanƙanin kaso ne na kasafin ƙasa, don haka ribar da aka samu ba ta taka kara ta karya ba, kuma an yi zanga-zanga a kan matakin a lokacin. Duk da haka, a kan Rio de Onor da wuya a ce dokar ce ta yi ɓarnar, domin gundumar da mazaunanta ba su kai 80 ba, akasarinsu kuma tsofaffi, ko masu tsayawa takarar kwamiti sai an yi da gaske ake samu. Shekara huɗu bayan haka, a 2017, aka zaɓi ƙauyen cikin ƙauyuka bakwai mafiya ban sha'awa na Fotugal a wata gasa ta ƙasa da jama'a suka kaɗa ƙuri'a, a rukunin waɗanda ke cikin keɓaɓɓun gandun daji. An gyara gidaje da dama don saukar baƙi, akwai filin kafa tanti a bakin kogi, kuma a watan Agusta, lokacin da 'yan ƙaura suke dawowa hutu, titin yakan cika. Wannan kuɗin shiga ne na gaske, bai kamata a raina shi ba, amma aikin saukar baƙi kowane gida nasa yake yi, ba ya buƙatar majalisa ko sandar tara.

Abin da bai mutu ba shi ne cuɗanyar gonaki a tsakanin unguwannin biyu, kuma annobar korona ce ta fito da shi fili. A watan Maris na 2020 Fotugal da Sifaniya suka rufe iyakarsu, suka bar manyan mashigai kaɗan kawai, aka kuma tare titin da ya haɗa unguwar sama da ta ƙasa. Nan take matsala ta taso, domin akwai masu lambu da gonaki da dabbobi a ɗaya ɓangaren, kuma zagayawa ta mashigar hukuma tafiya ce mai nisa don isa wurin da ake hangowa daga baranda. Bayan koke daga mazauna da shugabannin yankin, hukumomin ƙasashen biyu suka yi wa wurin togiya ta musamman, aka riƙa buɗe hanyar na 'yan sa'o'i a wasu ranaku na mako, ƙarƙashin idon jami'an tsaro, domin manoma su ƙetara su yi aikinsu su dawo kafin a sake rufewa.